Kwandon Akawu

Shagon Akawu a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai gyaran agogo da wata mai sayar da zare. Faɗinsa bai wuce mutum ya ware hannuwa ya taɓa bango da bango ba. Akwai tebur ɗaya, da kujera mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa, da bencin masu jira, da firinta a kan wani akwatin ƙarfe. A ƙarƙashin teburin, kusa da ƙafafunsa, nan kwamfutar take zaune. Fara ce a da, yanzu ta koma launin haƙorin tsoho. In ya kunna ta da safe sai ta yi gurnani, fankarta ta ɗauki kuka, shi kuwa ya je ya share ƙofar shago, ya gaisa da maƙwabta, ya dawo ya tarar ba ta gama farkawa ba.

"Tsohuwar taka ta tashi?" Mai Agogo yakan leƙo ya tambaya, da gilashin aiki maƙale a ido ɗaya.

"Tana miƙa."

"Ku biyun nan ban san wanda zai riga wani ba."

"Kai dai ka ji da agogunan mutane da ka tara, shekara uku suna nuna sha biyu saura."

Akawu ba sunansa ba ne, aiki ne ya cinye sunan. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wani ofishi yana buga tafireta, a ɗaki mai tebur takwas, inda in duka suka ɗauka sai ka ce ruwan sama ne a kan kwano. A can ya koyi abin da ya riƙe har tsufa. Yana sabon ɗauka, shugaban sashensu ya ba shi wata wasiƙa ya buga, ya gyara, ya sake bugawa, har sau huɗu. Bayan mako biyu shugaban ya ce ta farkon yake so. Akawu kuwa ya riga ya yaga ta, an kwashe shara tuntuni. Aka yi masa wankin babban bargo a gaban abokan aiki. Washegari ya zo da kwandon waya daga gida, ya ajiye a ƙarƙashin teburinsa, ya ja wa mai share ofis kunne cewa wannan kwando ba na shara ba ne. Daga ranar, duk aikin da ya kammala, kwafinsa na kabon a kwandon yake sauka, a miƙe, ba a dunƙule ba. Kan tebur na aikin da ba a gama ba ne, kwando na wanda aka gama.

Da kwamfuta ta shigo ofishin a shekarunsa na ƙarshe, aka koya musu a gurguje, cikin kwana biyar. Da ya ga hoton kwando a kusurwar allo, sai ransa ya yi fari. Ya ce a zuciyarsa, waɗanda suka ƙera abin nan sun san aiki. Bai tambayi kowa ba. In ya gama takarda ya buga ta, sai ya ja ta ya jefa kwando. In yana son ta, ya buɗe kwandon, ya jawo ta kan tebur, ya duba, ya mayar. Rubutu ba shi da nauyi, kwandon bai taɓa cika ba, kuma bai taɓa cin masa ko takarda ɗaya ba. A folda guda ɗaya kawai yake ajiye wani abu, wadda malamin da ya koya musu ya buɗe masa ya sa mata suna Wasiƙu. A ciki yake tara samfura: neman aiki, ƙorafi, ta'aziyya, neman sauyin makaranta. Waɗannan ba sa ƙarewa, kullum ana canza suna da kwanan wata, don haka a ganinsa ba su isa shiga kwando ba.

Da ya yi ritaya aka yi gwanjon tsofaffin kayan ofis, ya sayi tasa kwamfutar, ya kama shagon ƙarƙashin matakala.

Matarsa tela ce, a gida take ɗinki. Ba ta yi boko ba, amma bakinta ya fi na lauya. Da babban ɗansu ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, ta ce ita ba ta yarda da waya ba, maganar waya iska ce, kana ajiyewa ta tafi. Sai ta ɗauki ɗabi'ar zuwa shagon a Asabar ɗin farko ta kowane wata, bayan ta kai wa mutane ɗinkinsu, don a buga wa ɗan wasiƙa. Takan zauna a benci, ta cire takalmi ɗaya, ta ce, "Akawu, ɗauki." Shi kuma ya gyara zama ya ce, "Ranki ya daɗe, Manaja." Sunan ya bi ta har gida.

Ranar farko ya fara da abin da hannunsa ya saba: bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ta ce ya karanta mata.

"Wa ya ce haka? Ni ban ce ba. Goge."

"Haka ake fara wasiƙa. Ko sunan yaron ba za a sa ba?"

"Ya san sunansa. Ka rubuta a bayan ambulan don masu kaiwa."

"A ƙarshe fa? Daga wa?"

"Ya san wadda ta haife shi."

Haka wasiƙun suka fito, babu kai babu gindi, sai zallar maganarta. "An ce can akwai sanyi, to rigar nan mai kauri da na ɗinka maka ba ta ajiya ba ce, sawa ake yi. Ƙanwarka ta ci jarrabawa, kanta ya kumbura, ƙofar ɗaki ta yi mata kaɗan. Kazar nan mai wuyan tsiya ta shiga ƙarƙashin kekena ta yi ƙwai. Akawu, me kake wa murmushi? Kar ka sa wannan." Shi kuwa sai ya sa.

Shekara shida da wata biyu suna haka, wasiƙa saba'in da huɗu. Sai ta kwanta ciwo, kwana tara, Allah ya karɓi abarsa. Babban ɗan ya zo, kuma kafin ya koma ya gaya wa uban, kansa a ƙasa, cewa na takardar sun tafi: bututun ruwa ya fashe a ɗakin da yake haya, jakar da suke ciki ta jiƙe ta ruɓe. Ya zama duk duniya babu inda maganar Manaja ta rage sai cikin kwandon tsohuwar kwamfutar nan.

Tun daga lokacin, kowace safiya in kwamfutar ta gama miƙa, kafin mai neman aiki na farko ya iso, Akawu yakan buɗe kwando ya jawo guda ɗaya. Ya karanta a hankali, leɓunansa suna motsi, a kunnensa kuwa muryarta ce, har da inda take tsayawa ta ja tsaki. In ya gama ya mayar. Ba ya yi a gaban kowa. 'Ya'yansa dai sun san wasiƙun Inna suna cikin kwamfutar Baba, iyakar abin da suka sani ke nan.

Shekara uku bayan rasuwar, kwamfutar ta fara gazawa. Mutane suna kawo takardu a filashi ta ƙi buɗewa. Fom ɗin da ake cikewa a intanet ta ce ba ta san zancen ba. Wata Laraba ana tsakiyar aiki allon ya daskare, ya kashe ya kunna, ta yi kusan awa guda tana gurnani babu hoto. A wannan awar Akawu bai tuna da mai takardar da ke zaune a benci ba. Hannunsa yana kan ƙarfen kwamfutar, kamar mai jin zafin goshin mara lafiya. Da ta dawo, bai ci gaba da aikin ba sai da ya buɗe kwando ya ƙirga.

Da yamma ya kira Auta. Ita ce ƙaramar 'yarsa, wadda kanta ya kumbura a wasiƙa. Ta yi karatu a nesa ta dawo, yanzu tana aiki a sashen kwamfuta na wani asibiti, da mijinta da 'ya'yanta biyu. Ta zo ta duba, ta ce za ta sayo masa sabuwa.

"Ba na so."

"Baba, wannan ta girmi aurena."

"Ta girmi karatunki ma. Ba na so."

Ta kalle shi. Ta san dalili, ba ta faɗa ba. Sai ta ce jikin kwamfutar da sauransa, babbar manhajar da ke tafiyar da ita ce ta tsufa, masu ita sun daina kula da ita. Akwai wata, mara nauyi, wadda aka yi ta daidai tsofaffin injuna irin wannan, kuma kyauta ake samun ta.

"Kyauta?" in ji Mai Agogo daga bakin ƙofa, don kunnensa ba ya barin zancen maƙwabta. "Banza ba ta kai zomo kasuwa, 'yata. Me suke ci a ciki?"

"Kawu, mutane ne da yawa, a ƙasashe daban-daban, kowa ya gina abin da ya iya ya ajiye. Kamar a ce kwalbatin layinku ya karye, wannan ya kawo siminti, wancan ya kawo yashi, kowa ya bi ta kai."

"A layinmu? Ai da mun shekara muna tsallake rami."

Akawu bai yi dariya ba. "Wasiƙun innarki fa?"

"Zan kwashe komai tukuna, in ajiye a gefe, in mayar maka in an gama. Ko ɗigo ba zai ɓata ba."

Ranar Lahadi da hantsi ta zo da filashi biyu da ɗan sukundireba. Ta kwance murfin kwamfutar, suka tarar da yanar gizo-gizo da ƙwan tsaka guda biyu a kusa da fanka. Mai Agogo ya ce ashe haya ake ba mutane a ciki. Ta share, ta rufe, ta kunna. A filashi na farko ta kwashe kaya: abin da ke kan tebur, hotuna, da duk foldojin da ta gani. Ta ga folda mai suna Wasiƙu, ta ga yawan abin da ke ciki, ba ta buɗe ko ɗaya ba, don tana ganin ba huruminta ba ne ta karanta a gaban mutane. Kwando kuwa ko kallo bai ishe ta ba. A duk inda ta yi karatu da inda take aiki, kwando na abin da aka yar ne.

Filashi na biyu shi ke ɗauke da sabuwar manhajar. Ta soka shi, ta sake kunna kwamfutar tana danna wani maɓalli da sauri-sauri, sai ga wani sabon allo mai launin ganye ya fito. Ta ce wannan ɗanɗano ne kawai, ba a taɓa komai ba tukuna, ya gwada ya gani. Akawu ya zauna ya ɗora yatsu. Ya buga layi uku, haruffan suna fitowa kafin ya ɗaga yatsa, abin da ya manta ana yi. Ya tura firinta, ta karɓa babu gardama. Ya ciro takardar ya ɗaga ta a haske, ya duba gefe da gefe.

"Ba laifi," ya ce. A bakinsa wannan babban yabo ne.

Ta danna a fara girkawa. Manhajar ta tambayi harshe, ta tambayi lokaci, sannan ta tsaya a kan wata tambaya. Auta ta fassara masa: ko a bar tsohuwar a zauna tare, ko a share rumbun ajiyar kwamfutar gaba ɗaya a sa sabuwar. Ta ce rumbun ƙarami ne, ba zai ɗauki biyu ba, gara a share.

Akawu ya matso kusa da allon. "Kin kwashe komai da komai?"

"Komai, Baba."

"Har na innarki?"

"Ga su nan a filashi. Wasiƙu, saba'in da takwas."

Saba'in da takwas. Ya lissafa a ransa, ya ce ƙila huɗun wasu ne suka shiga ciki da ta tattara su wuri ɗaya. Ya so ya ce ta buɗe ya gani da idonsa. Amma Mai Agogo yana tsaye yana murmushi, kuma yarinyar nan aikinta ke nan, asibiti guda ya dogara da ita. Wane ne shi da kwas ɗin kwana biyar da zai binciki aikinta? Kuma in ta buɗe, zai karanta, in ya karanta, idonsa ba ya jin magana.

"To," ya ce.

"Kai za ka danna. Kwamfutarka ce."

Ya sa yatsa ya danna.

Wani ɗan layi ya fito yana rarrafe daga hagu zuwa dama. Minti arba'in ya ɗauka. Suka sha shayi a kofunan Mai Agogo, Auta tana ba su labarin yadda Inna ta taɓa ɗinka mata rigar makaranta da girman shekara uku masu zuwa, ta ce ta girma ta same ta a hanya. Da aka gama, kwamfutar ta kashe kanta ta tashi. Mai Agogo ya duba agogon hannunsa.

"Daƙiƙa arba'in da takwas! Akawu, tsohuwarka ta koma budurwa. Kai ma a soka maka filashin nan mana."

Auta ta mayar da kayan da ta kwashe, ta nuna masa inda zai buɗe rubutu da inda zai kashe, ta tafi, don ta bar yara da maƙwabciya.

Litinin da safe ya kunna, ya ɗauki tsintsiya, kafin ya kai ƙofa ta riga ta tashi tana jiran sa. Ya ajiye tsintsiyar. Ga kwando a kusurwa, siffarsa ta ɗan canza, amma kwando ne. Ya buɗe.

Fari fat.

Ya rufe, ya sake buɗewa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya buɗe foldar Wasiƙu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya: neman aiki, neman aiki, ƙorafin ruwa, ta'aziyya. Ya kai ta saba'in da takwas. Sannan ya ɗauki waya.

"Auta, ina kika sa kayan kwando?"

"Wane kwando, Baba?"

"Kwandon kwamfuta. Inda nake ajiye aikin da aka gama. Na innarki duk a ciki suke."

Ya matsa wayar a kunne. Yana jin hayaniyar asibiti a bayanta, wani yana kiran lamba.

"Baba, kashe ta. Kar ka buga komai, kar ka ajiye komai. Zare wayar wutarta daga bango. Ga ni nan."

Ta iso da katin aiki rataye a wuya, ta tsaya a bakin shagon ta kasa shigowa. Shi yana zaune a bencin masu jira, hannuwansa a kan gwiwa.

"Me ya sa ban tambaye ka ba?" ta ce. "Kalma ɗaya. In ce Baba, nuna mini."

"Ni me ya sa ban ce ki buɗe ba? Shigo ki zauna, mutane suna kallo."

"A kwando, Baba? Wa yake ajiya a kwandon shara?"

"Ba na shara ba ne," ya ce a hankali. "Shekara arba'in ba na shara ba ne."

Ta share ido da bayan hannu, ta ja numfashi, ta koma ma'aikaciya. Ta ce sharewar kwamfuta ba kamar ƙonawa ba ce. Kamar a shiga ɗakin ajiya ne a yage rajista, a cire sunayen da ke jikin kabad, a ce wuri ya zama na kowa. Inda sabbin kaya suka sauka, na da sun tafi. Inda ba su sauka ba, takardun suna nan a zube, babu suna. Akwai wata manhaja, ita ma ta kyauta, mai bin rumbu lungu-lungu tana tsinto abin da ya rage.

"Nawa za su rage?"

"Ban sani ba. Ba zan sake yi maka alkawari ba."

Ta aro wani rumbu na waje a wurin abokiyar aikinta, ta tayar da kwamfutar daga filashi don kar a ƙara taka abin da ke ƙasa, ta sa manhajar aiki. Kwana ɗaya da rabi tana yi. Shagon yana buɗe amma ba a karɓar aiki. Akawu yana zaune yana kallon lambobi suna hawa. Mai Agogo ya leƙo sau biyu, bai yi tsokana ba, ya ajiye shayi ya koma.

Abin da ya fito fayil dubu shida da ɗari biyu ne, babu suna, babu kwanan wata, sai lambobi. Aikin shekaru duka ya cakuɗe: takardun haya, ƙorafe-ƙorafe, jerin sunayen ɗalibai, wasu lafiyayyu, wasu rabi, wasu tarkacen alamomi kawai. Auta ta ce ba sai an buɗe su ɗaya-ɗaya ba, kwamfutar za ta iya neman kalma a cikinsu duka. Ta nuna masa ɗan akwatin da ake rubutawa.

"Mu sa sunan Yaya."

"Babu sunansa a ciki."

"Nata fa?"

"Babu."

"To gaisuwa? Yadda take farawa?"

"Ba ta farawa. Faɗowa take yi."

Auta ta yi dariya da hawaye a fuska. "To sai mu nemo ta da bakinta. Me take yawan cewa?"

Suka zauna, uba a kujera, 'ya a kan akwatin firinta. Ya rubuta "wuyan tsiya". Kwamfutar ta yi ɗan tunani, ta kawo biyu. Ya buɗe ta farko, ga kaza, ga keke, ga rigar sanyi. Bai iya karantawa ba, ya juya wa allon ƙeya na ɗan lokaci.

"Sa 'kai dai bari'," in ji Auta. Huɗu suka fito, ɗaya ta wani mai ƙorafin fili ce, uku nata. "Sa 'ja'irin yaro'. Sa 'in ka ga dama'. Baba, me take ce wa maƙwabciyar nan mai aron almakashi?"

"Hukumar bincike."

Guda ɗaya ta fito. Suka kira babban ɗan a waya, ya ba su nasa: yadda take kiran abincin can "abincin marasa lafiya", yadda take ce wa hotonsa "wannan ramammen". Mai Agogo, wanda shekara shida yana jin komai ta bango, ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya.

"Gwada 'ɓarawon lokaci'. Ni take nufi, Allah ya jiƙanta."

Biyu suka fito, kuma a ɗaya ta ce agogon bangon da ya gyara mata yanzu sai ya ga dama yake tafiya, kamar mai shi. Mai Agogo ya ce a buga masa wannan a takarda.

Kafin mako ya ƙare sun tsinto talatin da ɗaya, shida daga ciki guntaye. Auta ta kwafe su wuri uku, ta buga su a takarda, ta kai aka yi musu bango. Daga nan kalmomin suka fara dawowa hannu wofi, ko su kawo waɗanda aka riga aka samu. Ta gaya masa gaskiya: wataƙila sauran arba'in da ukun suna ƙarƙashin sabuwar manhajar, sun tafi. Wataƙila kuma akwai 'yan kaɗan a cikin dubu shidan, suna jiran kalmar da ba a tuna ba. Ta bar masa rumbun aron, ta saya wa mai shi wani.

Aiki ya dawo, har ya fi da. Fom yana buɗewa, filashin mutane yana buɗewa, ba ya jin tsoron Laraba. Amma ya sayi ɗan littafi mai shiga aljihu, yana yawo da shi. Yana cikin tafiya, ko yana aske gemu, ko yana sauraron wata mai takarda, sai wata kalmar Manaja ta faɗo masa, ya tsaya ya rubuta. Da farko yakan garzaya shago ya gwada nan take. A wata na biyu ya tuna yadda take ce wa ruwan sama mai iska "mahaukacin baƙo", ya sa, sai ga wata da ba su gani ba. Layi tara ne. Tana ba ɗan labarin ranar da rufin ɗaki ya yi yoyo, sannan ta ce, "Babanka kuwa, kar ka ga yana ta ɓata rai a hoto, jiya da na ce masa zan je in gan ka in yi wata biyu, sai ya ajiye cokali ya ce mini," daga nan sai tarkacen alamomi har ƙasa.

Shi ya faɗi maganar. Shi ya buga ta da yatsunsa. Ya karanta wasiƙar nan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ya wuni yana nema a kansa, ya tuna cokalin, ya tuna rigar da take sanye da ita, ya tuna ƙarar ruwa a bokiti. Abin da ya ce mata kuwa ya ƙi zuwa.

Tun daga ranar ya daina garzayawa. Kalmomin ba sa faɗowa kamar da, wani lokaci sai mako ya wuce babu ko ɗaya. Ya lura cewa muddin akwai wadda ba a gwada ba a cikin littafin, to akwai wasiƙar da ba ta ɓata ba tukuna. Sai ya sa wa kansa doka: ɗaya a rana, da safe, kafin mai takarda na farko.

A safiyar da ake wannan zance, ya kunna kwamfutar, ya soka rumbun, ya buɗe littafin. Huɗu ne ba a ja wa layi ba. Ya zaɓi ta sama, ya buga ta a ɗan akwatin, ya duba harafi-harafi, ya danna. Kwamfutar ta yi ɗan tunaninta, ta ce babu.

Ya ciro biro ya ja layi a kai, a miƙe. Idonsa ya sauka a kan ta biyu, yatsunsa suna kan madannai. Wata mata ta yi sallama a bakin ƙofa da takarda a hannu. Ya rufe littafin ya mayar aljihu, ya dafa shi ta saman riga.

"Bismillah, shigo. Me za a buga?"